Limami, Koci da Ɓarawon Gida: Tarihin Jackie Robinson

Masu bibiyarmu daga Jega, Aliero da Maiyama, yau Amurka za mu leƙa, wajen wani wasa da ba a buga shi a filayenmu, wato besbol. Kodayake Najeriya ta ci azurfa a wannan wasa a gasar Afirka ta 2003 a Abuja, amma da yawanmu ko labari ba mu ji ba.

Wasan a taƙaice: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya doke ta da sanda, sai ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu. Ta huɗun ake kira gida, nan ake cin maki. Akwai kuma abin da suke kira sata, wato ka faki idon mai jifa ka tsere zuwa tasha ta gaba tun ba a doki ƙwallo ba. Ku riƙe wannan.

An haifi Jackie Robinson a 1919 a jihar Jojiya, ya tashi a Pasadena hannun mahaifiyarsa. Yaro ne mai zafin kai, har yana cikin wata ƙungiyar yaran unguwa masu jan magana. Wanda ya janyo shi jiki wani matashin limamin cocin Methodist ne, Karl Downs, da yake bin samari har filin wasa maimakon ya zauna jiran su a coci.

Mutum na biyu shi ne Branch Rickey, shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, shi ma ɗan Methodist, wanda saboda alƙawarin da ya yi wa mahaifiyarsa ba ya zuwa filin wasa ran Lahadi. Tun yana koci a jami'ar Ohio Wesleyan ya ga an hana ɗan wasansa baƙar fata, Charles Thomas, ɗaki a otal, sai da ya sa aka shimfiɗa masa gado a nasa ɗakin. Mutum ne kuma mai son gwaje-gwaje wajen horar da yara, har ramin yashi yake sa a haƙa don su koyi zamewa ba tare da tsoron jin ciwo ba.

Ranar 28 ga Agusta 1945 Rickey ya kira Robinson ofishinsa. A lokacin babu baƙar fata ko ɗaya a babbar gasar. Ya yi ta kwaikwayon irin zagin da zai sha, ya karanto masa koyarwar Yesu ta juya ɗaya kuncin ga wanda ya mare ka, ya nemi alƙawarin ba zai rama ba. Robinson ya amince.

To ga inda nake so mu tsaya. Rickey ya ɗaure masa baki da hannu, amma ya sakar masa ƙafa. A wancan zamani wasan Turawa ya koma jiran wanda zai doki ƙwallo ta fice daga fili. Shi kuwa Robinson daga gasar baƙaƙen fata ya fito, ƙungiyar Kansas City Monarchs, inda ake wasa da wayo da ruɗa abokin hamayya. Sai ya tsaya a tasha yana rawar ƙafa, ya yi kamar zai gudu ya fasa, har mai jifa ya rikice. Wani kocin da tuni ya ce masa ya daina rawar kai. Rickey ƙarfafa shi ya yi.

Ya fara buga babbar gasa ranar 15 ga Afrilu 1947. A shekarar ya yi sata 29, ya fi kowa a rukuninsu, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. A 1949 ya zama gwarzon rukunin baki ɗaya. Sau 19 yana satar gida kanta, abin da ya fi komai kasada, don a gaban idon mai jifa ake yin sa.

Kada dai mu mai da Rickey waliyyi. Ya san akwai kuɗi a harkar, kuma ko sisi bai biya Monarchs ba da ya ɗauke musu ɗan wasa.

Amma ku duba filayen firamare namu da yamma, inda ake tamaula. Sau da yawa akasin haka ake yi: yaro ya gwada wata yanka ta ƙwace masa, koci ya daka masa tsawa ya fitar da shi, amma ya ɗura wa alƙalin wasa ashar ba wanda zai ce uffan. Wallahi tarbiyyar ta koma kan ƙafa, an bar baki sakaka. Kocinmu, Musulmi ne ko Kirista, wannan ya shafe shi.

A wasan farko na ƙarshen gasar 1955 da Yankees, Robinson yana da shekara 36 ya sake satar gida. Mai tsaron gidan, Yogi Berra, har ya rasu a 2015 yana rantsuwa ya taɓa shi kafin ya iso. A 1997 aka hana kowace ƙungiya sake ba wani lambar rigarsa, 42.

Mu haɗu a shiri na gaba.