Jinin Sarkin Auyo

Daga Aujara zuwa Auyo ba wata tafiya ba ce, mota za ta kai ka ta dawo da kai a yini guda. Amma mu da muka tashi a wannan yanki mun fi sanin Auyo da shinkafa da alkama da noman rani. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa kisan wani sarkin garin, shekara fiye da 170 da suka wuce, shi ya kunna wutar da ta daɗe tana cin gabashin ƙasar Kano, inda kakanninmu suke zaune.

Auyo tsohuwar masarauta ce. Mutanenta na asali, Auyokawa, har yarensu gare su, wanda yanzu ya ɓace. Da jihadi ya zo, Fulanin yankin suka karɓo tuta, Malam Sambo ya shiga Haɗeja wajen 1808, sarautar Auyo kuma ta koma hannun danginsa. Ƙasa ce ta fadama da kifi da kiwo, a bakin hanyar fatake tsakanin Kano da Borno. Wanda ya riƙe ta ya riƙe dukiya, ga dawaki, ga mutane.

Sambo ya daɗe a kan gado. Ya sauka ya bar wa ɗansa Garko a 1845, Garko bai jima ba ya rasu. Aka naɗa ɗan'uwansa Abdulƙadir, shi kuma watanni kawai ya yi. A 1848 tsohon da kansa ya cika. Abin da aka fi ruwaitowa shi ne ɗansa Ahmadu yake so ya gaje shi, amma wani ɗan nasa, Buhari, shi ne ya hau. Maganar da aka yi a ɗakin jinyar tsohon ta tsaya a tsakanin 'ya'yansa da bayin da ke tsaron ƙofa, gidan sarauta kuwa ba ya shanya irin wannan a waje.

Ba a daɗe ba sai aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwan Buhari na jini, mutumin da ake ganin zai iya ja da shi a kan sarauta. Zargi ya faɗa kan Buhari, kuma har yau littattafan tarihi a kansa suke ɗora alhakin. Sai dai ba a taɓa zaman shari'ar da aka baje hujja a gaban alƙali ba. Wa ya ɗaga makamin? Su wa suka ba da shawara a fada? Nalara ya ƙulla wani abu ne, ko darajarsa kawai ta jawo masa? Waɗanda suka san amsar sun shiga kabari da ita.

Sarkin Musulmi Aliyu Babba bai kau da kai ba. Ya turo Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo, wanda ya sauka a Katagum ya kira Buhari. Buhari bai miƙa wuya ba. A 1850 aka tuɓe shi aka naɗa Ahmadu. Ya fice ya yi arewa wajen Machina, ya sami goyon bayan Borno, ya tara mayaƙa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta Gumel a watan Maris na 1851, ya kuma rubuta yadda labarin shirin Buhari ya cika hanya. A shekarar ne ya dawo ya ƙwace Haɗeja, aka kashe Ahmadu. Jini na biyu ke nan a gida ɗaya.

Sakkwato ta haɗa runduna daga masarautu, har da mayaƙan Kano ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarki Maje Karofi. Buhari ya faɗa musu ba zato a Kaffur, ya tarwatsa su. Wannan shi ne Gamon Kaffur da Haɗejawa ke alfahari da shi. Daga nan babu mai taka masa birki. Ya jingina da bayin sarki da jarumawa irin su Sarkin Arewa Tatagana, mutanen da takobi ya ɗaga su sama da 'ya'yan sarauta. Wanda ya ga yadda dangi suka yi da juna, ba mamaki ya fi amincewa da bawa.

A nan ne labarin ya shafe mu. Yankin Jahun da Dutse a lokacin ƙasar Kano ce, kuma ita ce ke maƙwabtaka da Haɗeja. Ka ɗauki manomi da kaka ta yi: ya yanke gero, ya ɗaure dammuna, matarsa na sussuka a bakin rumbu, yara na kora awaki. Sai ƙura ta taso daga gabas. Ba shi da lokacin ɗaukar komai sai ɗan da ke kusa da hannunsa, ya ruga cikin ganuwa ko ya faɗa daji. Wanda aka kama, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, Bahaushe ne ko Bafulatani, igiya ce a wuyansa zuwa kasuwa. Da Barth ya sake biyowa ta yankin a hanyarsa ta komawa Borno, ya tarar da garuruwan da ya bari cike da mutane sun zama kufai. Haka aka zauna har 1863, lokacin da Buhari ya gamu da ajalinsa a yaƙin Gogaram, a ƙasar Bade.

Ba na ƙin Haɗejawa su yi kirarin jarumtar sarkinsu, domin jarumi ne, kuma ya nuna wa Sakkwato iyakar ikonta. Abin da ke ci mini rai shi ne, idan giwaye suka yi faɗa ciyawa ce ke shan wahala, tarihi kuma giwayen kaɗai yake ƙirgawa. Mun san sunan Nalara, mun san na Ahmadu. Talakawan da aka kora kamar dabbobi saboda rigimar gidan da ba nasu ba, babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya.

Sunayen nan ba su gama ɓacewa ba. Suna bakin tsofaffin da ke iya faɗa maka daga wane kufai kakanninsu suka taso, da wace ƙanwar kaka aka ɗauke ba ta dawo ba. Ɗalibanmu na tarihi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su ɗauki waya da littafi su zauna da waɗannan tsofaffi tun suna raye. Wanda ya kashe Sarkin Auyo ya riga ya tsere wa shari'ar duniya, amma waɗanda kisan ya cinye har yanzu ana iya yi musu adalcin a ambace su.