Ƙofofi Biyu na Shiga Sana'ar Magani a Kano

Titin Ibrahim Taiwo, wanda aka raɗa wa sunan gwamnan soja na Jihar Kwara da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin watan Fabrairun 1976, ya ratsa Fagge ta gefen Kantin Kwari da Kasuwar Singa, kuma daga gare shi ake kutsawa zuwa wuraren da suka daɗe suna riƙe da cinikin magungunan asibiti a Kano, wato filin Malam Kato da titin Neja da kasuwar Sabon Gari. Shekaru da dama a wannan yanki ne masu kemis na birni da ƙauye, har da na Maraɗi da Damagaram, suka riƙa zuwa sari, alhali mafi yawan waɗanda suke miƙa musu kwalayen ba su taɓa zama a ajin koyon harhaɗa magunguna ba. Tarihin wannan sana'a a Kano tarihin ƙofofi biyu ne: ƙofar makaranta, wadda sharuɗɗanta suka riƙa tsananta, da ƙofar shago, wadda ta kasance a buɗe ga duk yaron da ya sami ubangida.

Kafin zuwan Turawa, sharaɗin taɓa magani a ƙasar Hausa gado ne da shaidar jama'a. Wanzami da mai ɗori da ungozoma da mai sassaƙe-sassaƙe a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, duk sun koyi aikinsu ne a gaban iyaye ko malamai, kuma wanda maganinsa ya cutar da mutane yakan rasa kasuwa tun kafin maganar ta kai gaban alƙali, domin kowa ya san gidansu. Fagge kuwa zango ce ta fataken hamada masu kawo gishiri da kanwa a wajen ganuwa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu, su suka kawo wani irin magani dabam, wanda ake haɗa shi a wata ƙasa, a rubuta bayaninsa da Turanci, ya zo a kwalba ko a gwangwani, ta yadda mai sayarwa bai ga saiwarsa ba, mai saye kuma ba shi da hanyar tantance shi da ido ko da harshe. Daga nan takardar shaida ta fara maye gurbin gado.

A Kudu aka fara. Ana lissafa kantin da Richard Zaccheus Bailey ya buɗe a Legas a 1887 a matsayin kantin magani na farko irin na zamani a ƙasar, kuma a shekarun 1920 aka kafa makarantar harhaɗa magunguna a Yaba, yayin da ƙungiyar masu sana'ar ta Nijeriya ta kafu a 1927. Arewa ta sami tata makarantar a Zariya a 1930, inda ake horar da disfensa, wato ma'aikacin da yake auna magani ya haɗa shi bisa umarnin likita, kuma sau da yawa shi ne komai da komai a asibitin sha-ka-tafi na En'e. Waɗanda ake ɗauka a lokacin samari ne da suka yi karatun boko gwargwadon abin da ake samu a Arewa, kuma yawansu bai taka kara ya karya ba, ga shi aikin malanta da na ofishin En'e suna rububinsu. Saboda haka tun daga tushe masu takarda ba su taɓa isar jama'a ba, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta san da haka, shi ya sa dokar guba da magunguna ta zamanin ta tanadi wani lasisi na daban domin masu sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita.

Wannan lasisi shi ne asalin kemis ɗin unguwa. Sharuɗɗansa sun daɗe suna da sauƙi ƙwarai: mai nema ya kai shekara 21, ya iya karatu da rubutu, a sami mutum biyu masu mutunci su tsaya masa. Abin da aka yarje masa shi ne sayar da magungunan yau da kullum a cikin kwalinsu na asali, ba tare da yin allura ko ba da magunguna masu ƙarfi ba. An yi tanadin ne domin cike giɓi a wuraren da babu ƙwararre, amma a hankali giɓin ya zama shi ne kasuwar.

A ɗaya ɓangaren kuma ƙofar makaranta ta yi ta ƙuntata. Bayan samun 'yanci karatun ya koma jami'a, inda Jami'ar Ife ta fara ba da digiri a shekarun 1960, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta biyo baya, ta zama matattarar kusan duk ɗan Arewa mai son wannan fanni. Kafa hukumar JAMB a 1978 ya mayar da neman gurbi gasa ta ƙasa baki ɗaya. A yau ana buƙatar ɗalibi ya sami kiredit biyar a jarabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, sannan ya zauna jarabawar share fagen shiga jami'a a Turanci da waɗancan darussan kimiyya uku, ya kuma tsallake tantancewar da jami'ar kanta take yi, wadda makinta a wannan fanni yakan biyo bayan na likitanci kai tsaye. Wanda ya yi karatun share fage mai zurfi, kamar na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, yana iya shiga aji na biyu. Tsohon digirin shekara biyar ne, sabon tsarin da ake kira digirin dakta a harhaɗa magunguna, wanda ya ƙara ƙarfi a kan kula da majiyyaci a asibiti, shekara shida ne. Bayan haka akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin ƙwararre da jarabawar rajista kafin a ba mutum lasisi. Hukumar da ke kula da sana'ar, wadda aka kafa da doka ta 91 ta 1992 aka kuma sabunta ta da dokar 2022, ita take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace tsangaya za ta ɗauka gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta.

Babu abin zargi a wannan tsanani, domin kuskuren awo a maganin jariri ko na mai ciwon ƙoda rai yake ci. Abin damuwa shi ne rarrabuwar dama. Kiredit a kemistiri da fiziks yana buƙatar makarantar da take da malami da ɗakin gwaji, kuma ɗimbin makarantun gwamnati, musamman na karkara, ba su da su. Kano kanta, duk da girman kasuwar maganinta, ba ta sami tsangayar harhaɗa magunguna a Jami'ar Bayero ba sai a shekarun 2010, fiye da shekara 80 bayan makarantar Zariya.

Yaron da bai sami waccan dama ba yakan shiga ta ƙofar shago. Yakan fara da shara da dakon kwalaye daga sito, ya koyi gane magani da launin kwalinsa da sunan kamfaninsa tun kafin ya san aikinsa a jiki, ya haddace farashin sari da na ɗaiɗai, ya iya karanta rubutun likita da yawan gani, har ranar da ubangida zai sallame shi da jari bayan wasu shekaru. Wannan tarbiyya ta fitar da 'yan kasuwa masu amana da ƙwazo, ta kuma ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai ba ta koyar da yadda magani biyu suke karo a cikin jini, ko abin da zafin rufin kwano a watan Afrilu yake yi wa maganin da ya kamata ya zauna cikin sanyi, kuma ta cikinta ne jabun magunguna da kayan maye suka sami mashiga.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta daɗe tana lissafa Sabon Gari tare da Idumota ta Legas da kasuwar bakin gada ta Onitsha da Ariariya ta Aba a matsayin buɗaɗɗun kasuwannin magani da ya kamata a tashe su. Haramta maganin tari mai kodin a 2018 ya ƙara matsin lamba a kan Kano. A 2023 aka buɗe cibiyar sarin magunguna ta Dangwauro a kan titin Zariya, inda aka tsara ciniki ya gudana a ƙarƙashin idon hukuma da na ƙwararru masu rajista, kuma a watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, jami'ai suka rufe shaguna fiye da 1,000 a Malam Kato da titin Neja da Sabon Gari domin tilasta wa 'yan kasuwar komawa can. Da yawa daga cikinsu sun koka da tsadar shaguna da nisan wurin daga abokan cinikinsu, yayin da hukumomi suka tsaya a kan cewa sarin magani ba zai ci gaba a wurin da babu mai iya sa masa ido ba.