Daga Gyaɗa Zuwa Dogo: Masu Zana Hanya da Masu Bin Ta

Jama'a, tun da bikin cikar shekara ya sake haɗa mu, bari mu waiwayi tarihin hanyar da muke ci da ita.

A 1912 aka buɗe layin dogo daga Ikko zuwa Kano. Daga nan gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta kama hanyar Kano, da farko a kan raƙuma da jakuna, daga baya a cikin kamiyo. Ba wanda ya tsara wa iyayenmu wannan. Kano ce kusa, kuma sun san ta tun zamanin fatake.

Abin bai yi wa Faransa daɗi ba, domin kuɗin dako yana zuba ne a aljihun Ingilishi. Sai masana tsare-tsarenta suka zauna da taswira, suka fito da shirin da aka fara a 1953, mai suna Hirondelle, wato tsattsewa. Kamiyo ya kai gyaɗa Paraku, jirgin ƙasa ya ja ta kilomita 438 zuwa Kwatano, motocin kuma su juyo da kayan shigowa. Hanyar ta fi nisa, dole gwamnati ta riƙa tallafa mata. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, OCDN, ta riƙe wannan sufuri.

Lissafinsu duka a kan gyaɗa ya tsaya. Da farin 1973 ya karya nomanta, hanyar ba ta mutu ba: alhazan Maraɗi ne suka juya ta. Atamfa, sigari da shinkafa suka riƙa saukowa Kwatano, su bi ta Gaya, su huta a Maraɗi, su gangara Jibiya. An zana hanya don fitar da kaya, ƴan kasuwa suka mai da ita ta shigowa.

Yau kuma ga wata taswirar. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Masana za su ƙididdige tan nawa zai ɗauka, amma mafi yawan wake, albasa da bisashen da muke ƙetarawa da su ba su cikin littafin duwan. Rufe iyakar Najeriya a 2019 da rufe gadar Gaya a 2023 sun nuna mana cewa hanyar da aka yi shekaru ana ginawa, takarda guda na iya tsayar da ita.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe ya riƙa rubuta abin da ya ɗora, da shingen da ya tarar, da kwanakin da ya yi a bakin iyaka. In masu bincike sun zo da tambayoyi, kada mu ɗauke su ƴan haraji mu noƙe. Inda za a sa tasha da sito, a bakinmu ya kamata su ji shi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.