Maganin dajin da ya ratsa ta kan masu sikila

A 1964, a birnin Prague, František Šorm da Alois Pískala suka haɗa wani sinadari mai suna azacitidine don ya kashe ƙwayoyin ciwon daji. Yana kashewa kam, amma yawan da ake ɗirka wa marasa lafiya yana galabaitar da su matuƙa. A 1980 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa da shi.

A shekarar nan ce kuma Peter Jones da Shirley Taylor suka gano a Los Angeles cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana hana jiki manna wani ƙanƙanin sinadari, metil, a kan DNA. Inda metil ya taru a mashigar ƙwayar gado, sai ta yi tsit, ko da rubutun da ke cikinta bai sauya ba. Kamar rumfa ce a kasuwar Karmo ta Abuja da aka garƙame da kwaɗo: kaya suna ciki lafiya lau, amma babu ciniki. Akwai ƙwayoyin gadon da aikinsu shi ne hana ƙwayar jiki hayayyafa barkatai, kuma daga baya an tarar a cikin ƙari da yawa ba lalacewa suka yi ba, kulle su aka yi. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa tsarin metil a ƙarin ɗan Adam a hargitse yake.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne rabon masu sikila. Jinin da jariri ke zuwa da shi duniya ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa ne jiki ke rufe ƙwayar gadon da ke yin sa, ciwon ya fara. A 1982 Joseph DeSimone ya ba gwaggon biri azacitidine a Chicago, jinin jarirantaka ya dawo. Aka gwada a kan mutane, ya yi aiki. Tsoron kada maganin da kansa ya jawo daji ya sa likitoci suka koma kan hydroxyurea, wanda FDA ta amince wa masu sikila a 1998. A Idu, maƙwabciyar Karmo, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta bi tata hanyar, ta fitar da maganin sikila Niprisan daga tsirrai.

Sai a 2004 azacitidine ya samu izini, don wata cutar ɓargo da kan rikiɗe ta zama dajin jini. Ɗan'uwansa decitabine ya biyo a 2006. Nasararsu har yau a cututtukan jini ta fi yawa. Amma ga dajin mama da na bakin mahaifa, waɗanda suka fi cin matanmu, tiyata da gashi da allurar kemo ne dai madogara, kuma mata da yawa sai ciwo ya ci jiki suke isa asibiti.