Ƙafar Roba a Ƙasar Zuru, Tsakanin Gwani da Dillali

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san abu biyu ne suka ɗaukaka sunan Dakarkari, wato garma da aikin soja, kuma dukkansu da ƙafa ake yin su. Tun zamanin Turawa samarinsu ke ɗaukar bindiga, har aka kai wasunsu Bama a yaƙin duniya na biyu, sannan na bayansu suka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Saboda haka mas'alar wanda zai yi wa mai dungu ƙafa, da wanda zai biya, ba baƙuwa ba ce a can.

Kafin zuwan asibiti al'amarin yana hannun mutanen gari: maɗori ya ɗaure karaya, in kuwa ƙaddara ta sa gaɓa ta tafi, masassaƙi ya fafe itace, baduku ya yi masa maɗauri. Gaskiya ce ɗori ya salwantar da gaɓoɓi masu yawa, ta wajen tsananta ɗauri har jini ya daina gudana. Amma da yake mai aikin maƙwabci ne, wanda za a haɗu da shi gobe a kasuwa, kunya ita ce hisbarsa.

Yaƙi ne ya kawo sana'ar ta zamani. A 1943 aka kafa sansanin jinyar sojoji a Igbobi ta Legas, wanda ya zama asibitin ƙashi a 1945, sa'an nan aka buɗe na Dala a Kano a 1959. Asibitocin kutare irin na Amanawa a Sakkwato su ma sun ɗauki nasu nauyin. Abin lura a wancan tsari shi ne, ma'aikacin da ke auna dungu albashi yake ci, ko ya zaɓa maka ƙafa mai tsada ko mai araha ba abin da zai ƙaru a aljihunsa, don haka shawararsa nasiha ce tsantsa, ko da yake sai mutumin Zuru ya yi tafiya mai nisa kafin ya same ta.

Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, hannun gwamnati ya ja baya, sai ya zamana a wurare da yawa mai aunawa shi ne mai sayarwa, wani lokaci ma da la'adar dillalin kamfani a tsakani. Ciniki halal ne, kuma kamfanoni sun kawo gwiwoyi da tafukan da masassaƙi bai taɓa mafarkinsu ba. Illar tana ga cewa mai dungu bai san abin da yake saye ba, jahilcin mai saye kuwa shi ne ƙofar garari da algus da fuƙaha'u suka yi ta gargaɗi a kai. Game da gaɓar ƙira kuwa, sun ruwaito cewa Arfaja ɗan As'ad, da hancin azurfa da aka ƙera masa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Maslahar jiki aka duba.

Gwanin ƙwarai, kafin ya naɗa filasta a dungu ya danna da yatsa ya ji inda ƙashi ya turo, sai ya tambaya: noma kake yi? A ƙasa kake zama? Domin ƙafar da aka ƙera don takalmi da daɓen siminti, in ta shiga kunyar gona da damina ko aka zo zaman tahiya, nan take za ta tona asirin wanda ya zaɓe ta. Irin wannan tambaya ce ta haifi ƙafar Jaipur a Indiya a 1968, wadda ake tsugunawa da ita, a shiga ruwa ba takalmi.

Akwai hukumar tarayya mai yi wa masu wannan aiki rajista. Abin da muke roƙon Gwamnatin Kebbi shi ne ta buɗe ɗakin ƙera gaɓoɓi a babban asibitin Zuru, ta sa masa ma'aikaci mai rajista kuma mai albashi, ta haramta masa karɓar la'ada a kan abin da ya rubuta wa majinyaci.