Kalandar makaranta a Indiya: ranaku uku na ƙasa, saura na jama'a

A jihar Kerala ana buɗe makarantu farkon watan Yuni, daidai faɗuwar damina, kuma kafin Satumba ta ƙare an sallami yara na kusan kwana goma saboda bikin Onam. A Bengal ta Yamma hutun da ake ɗoki shi ne na Durga Puja. A Tamil Nadu Pongal ne, bikin girbi na tsakiyar Janairu, a Bihar kuma Chhath. Mai kallo daga nesa zai ɗauka rashin tsari ne, ƙasa ɗaya amma kowace jiha da nata lissafin. A ganina tsari ne da aka yi da gangan, kuma kalandar makaranta tana nuna sulhun da Indiya ta ƙulla da kanta bayan 1947 fiye da yadda littafin tarihi ke nuna shi.

Gwamnati ta taɓa gwada haɗa kan lissafin lokaci. A 1952 ta kafa kwamiti ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, wanda ya tarar da kalanda kusan talatin ana aiki da su a ƙasar. Daga aikinsa aka fitar da kalandar ƙasa ta Saka, aka fara amfani da ita ranar 22 ga Maris, 1957. Ta shiga takardun gwamnati, amma ba ta shiga gidajen mutane ba. Har yau bukukuwan Hindu irin su Diwali da Holi suna bin wata, Sallah tana jiran ganin jinjirin wata, don haka kowace shekara sai an sake zama a rubuta jerin hutu.

Abin da ƙasa ta riƙe wa kanta ranaku uku ne kacal, kuma babu ta addini a ciki: 15 ga Agusta, ranar samun 'yanci a 1947, 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi a 1869, sai 26 ga Janairu, ranar da tsarin mulki ya fara aiki a 1950. An zaɓi wannan ta ƙarshen ne domin a irinta, a 1930, jam'iyyar Congress ta yi shelar neman cikakken 'yanci daga Turawan Ingila. Abin lura shi ne yadda makaranta ke yi da su. Ranar 15 ga Agusta da 26 ga Janairu ba a karatu, amma yara kan zo da sassafe cikin kayan makaranta da aka sha wa guga, wasu da 'yar tutar takarda manne a ƙirji. Shugaban makaranta ya ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a yi jawabi a kan mazan jiya, a raba laddu, wani dunƙulen kayan zaƙi, kafin azahar kowa ya koma gida. Ranar ƙasa tana tara yara wuri ɗaya. Ranar addini kuwa makaranta kan rufe ƙofa ta miƙa kowane yaro ga iyayensa.

A jerin hutun ma'aikatan gwamnatin tsakiya, wanda makarantunta ke bin sahunsa, akwai ranaku 17 a shekara, 14 daga ciki tilas ne a ko'ina. Idan aka cire ukun nan na ƙasa, huɗu na Musulmi ne: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Ashura da Mauludi. Kiristoci suna da biyu, Kirsimeti da Juma'ar da ke gaban Ista. Mabiya Sikh, Buddha da Jain kowa ɗaya. Mabiya Hindu, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 79.8 cikin ɗari, biyu ne nasu na tilas, Dussehra da Diwali, sauran bukukuwansu ana zaɓo uku ne gwargwadon yanki. Musulmi kashi 14.2 ne, Jain ba su kai rabin kashi ɗaya ba. Da yawan kai aka bi, da jerin bai fito haka ba. Ƙasar da aka raba ta da Pakistan cikin jini, aka kuma harbe Gandhi a Janairun 1948, tana da dalilin tabbatar wa tsiraru cewa ranarsu ranar kowa ce.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne hutu ya yi yawa. Dokar haƙƙin ilimi ta 2009 ta ce aji ɗaya zuwa biyar su yi aƙalla kwana 200 na karatu, aji shida zuwa takwas 220. Da wannan hujja gwamnatin Uttar Pradesh ta soke ranakun hutu 15 a 2017, har da na Mauludi da Chhath. Bihar ma ta rage hutun bukukuwa a 2023, malamai da jama'a suka yi ca, ta janye cikin 'yan kwanaki. Damuwar tana da tushe, amma lissafi bai goyi bayanta sosai ba. Idan aka cire Lahadi 52 daga shekara saura kwana 313, kuma makarantu da yawa suna buɗewa ranar Asabar. Akwai sarari. Abubuwan da ke cin kwanaki ba tare da an rubuta su a kalanda ba su ne tsananin zafi, ambaliya, hayaƙin da ke sa a rufe makarantun Delhi cikin Nuwamba, da zaɓe, inda ake mai da azuzuwa rumfunan jefa ƙuri'a, malamai kuma ma'aikatan zaɓe. Ko an buɗe makaranta ranar Chhath a Bihar, kujeru malami zai koyar.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi. Sashe na 28 na tsarin mulki ya hana koyar da addini a makarantar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya, amma a aikace ana yin bikin Saraswati na mabiya Hindu a harabar makarantu da dama, kuma dogayen hutun bukukuwa galibi an gina su ne a kan na Hindu, Sallah kuwa galibi kwana ɗaya take samu. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe shi ba. Sai dai masu ganin mafita ita ce a share bukukuwan addini baki ɗaya su lura cewa asarar ba za ta zo daidai ba. Bikin masu rinjaye zai rufe gari ko da gwamnati ba ta ambace shi ba, na tsiraru ne ke buƙatar takarda. Kuma takardar tana hannun jihohi, domin su ke tafiyar da akasarin makarantu, shi ya sa duk sauyin mulki yakan bayyana a jerin hutu. A ƙarshen 2019, watanni kaɗan bayan an cire wa Jammu da Kashmir matsayinta na musamman, sabon jerin ya fito babu ranar haihuwar Sheikh Abdullah, tsohon jagoran siyasar yankin, babu Ranar Shahidai ta 13 ga Yuli, an kuma ƙara 26 ga Oktoba, ranar da sarkin yankin, Maharaja Hari Singh, ya sa hannu kan shiga Indiya a 1947.