Idan annoba ta zo, wa zai zauna gida, wa zai fita?

Batunmu a filin tarihi na wannan karon shi ne tambayar da ta raba kan duniya a shekarar 2020: idan annoba ta sauka, shin ya kamata ubangida ya bar ma'aikacinsa ya yi masa aiki daga gida? Wataƙila ka ce, to ni ina ruwana, saniya ba ta kiwo a ɗaki, buhun gero kuma ba ya ɗora kansa a mota. Gaskiyarka, malam. Amma ka yi haƙuri ka biyo mu, domin in kana da yaron kanti, ko direba, ko makiyayin da kake biya, kai ma ubangida ne, kuma tambayar ta iso ƙofarka.

Mu fara da abin da kuka riga kuka sani. Aiki a gida ya girmi ofis, ko biro kamar yadda ake faɗi a Nijar. Iyayenmu mata sun daɗe suna kaɗi, suna matsar mai, suna suyar ƙuli-ƙuli, suna dama fura a cikin gida, yara na fita da talla. Maɗinkin hula a zaure yake, masaƙi a ƙofar gida. A Ingila ma haka abin yake kafin zuwan inji: attajiri ya raba ulu gida-gida, a kaɗa, a saƙa, ya dawo ya karɓa ya biya. Sai da masana'antu suka kafu, daga ƙarshen ƙarni na 18, aka fara tara ɗaruruwan mutane ƙarƙashin rufi guda, ana buga musu ƙararrawa. Cuta kuwa ba abin da take so irin cunkoso.

Dabarar raba jama'a saboda annoba ita ma tsohuwa ce. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, wato 639, annobar Amwas ta faɗa wa ƙasar Sham. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kamo hanya, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg aka ba shi labari, ya yi shawara da sahabbai, ya juya Madina. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal suna cikin waɗanda suka rasu a wannan annoba. Masu tarihi sun ruwaito cewa da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi, sai ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu, daga nan cutar ta lafa. Makiyayi ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Wanda ya ji labarin ciwon bushiya daga bakin kakanninsa ya san cewa in cuta ta shiga garke, ba a kai shi mashaya ɗaya da na maƙwabci.

A Turai, birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa doka a 1377 cewa duk wanda ya fito daga inda ake annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya a wasu biranen aka mayar da shi kwana 40. Ku lura, fatake da masu jiragen ruwa wannan doka ta fara kamawa. Tun fil azal ɗan kasuwa mai ƙetare iyaka shi ake fara tsarewa.

Sai mu zo Landan a 1665. Annoba ta kashe mutum wajen 100,000, kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Sarki Charles na Biyu ya kwashi fadawansa ya bar gari, majalisa ta koma zama a Oxford, attajirai suka tafi gidajensu na ƙauye. Jami'ar Cambridge ta rufe, wani saurayi mai suna Isaac Newton ya koma gonar mahaifiyarsa a Woolsthorpe, inda ake kiwon tumaki. A wannan zama ne ya yi nisa a binciken lissafi da na haske da na ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa. Masu goyon bayan aiki daga gida suna son wannan labari ƙwarai. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne halin waɗanda aka bari a birni. Barori da yawa an sallame su ba ko sisi. Gidan da aka samu mai ciwo, sai a garƙame shi da kowa a ciki, a shafa jan alama a ƙofa, a sa mai gadi. Talakan da ya rasa abin yi shi ya koma ɗaukar gawa da haƙa kabari. Newton ya samu gona da abinci da shiru. Mai dakon kaya bai samu ko ɗaya ba.

A 1918, ana ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata muguwar mura ta zagaye duniya, ta kashe mutanen da aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Ta jiragen ruwa ta iso Afirka ta Yamma: Firitawun a watan Agusta, Legas a watan Satumba, daga nan ta bi layin dogo da kogi da hanyoyin fatake ta shiga cikin ƙasa. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka mutu. A birnin New York na Amurka, shugaban hukumar lafiya, Royal Copeland, bai rufe wuraren aiki ba. Ya raba musu lokacin buɗewa da na tashi, don kada kowa ya cika jirgin ƙasa a sa'a guda. A lokacin akwai tarho, wasu suka ce ai sai a zauna gida a riƙa magana ta waya. Sai dai tarhon wancan zamani, sai wata ma'aikaciya ta haɗa ka da wanda kake nema da hannunta. Da ciwon ya kwantar da ma'aikatan, kamfanin ya koma roƙon jama'a su rage kira. Kun ga darasin ke nan: duk wanda ya zauna gida yana aiki, akwai wani a waje da ke riƙe masa igiya.

Maganar aikin ofis daga gida irin ta yau ta taso ne a farkon shekarun 1970. Wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Jack Nilles, ya dubi cunkoson motoci a Los Angeles, ga kuma tsadar man fetur ta 1973, ya ce me zai hana a kai aikin wurin mutum maimakon a kai mutum wurin aikin? Ya gwada da wani kamfanin inshora. Amma kwamfuta ta yi tsada, intanet bai zo ba, shugabanni kuma ba su yarda da ma'aikacin da ba sa gani da ido ba. A 1996 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 177, wadda ta nemi a daidaita haƙƙin mai aiki a gida da na sauran ma'aikata, sai dai ƙasashe kaɗan ne suka sa hannu. Ƙungiyar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 260 ne ke aiki a gida a duniya.

Tsoron iyayen gida shi ne lalaci. An gwada wannan kuwa. Wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip, tare da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford, ya raba masu amsa waya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a ofis, wasu a gida, har wata 9. Na gida suka fi na ofis aiki da kashi 13 cikin 100, masu ajiye aiki a cikinsu kuma suka ragu da rabi. Amma ba a cika yi musu ƙarin girma ba, kuma da aka ba su zaɓi, wajen rabinsu suka ce su dai a mayar da su ofis, kaɗaici ya ishe su.

To, sai ga korona. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce ta duniya baki ɗaya. Ranar 19 ga Maris aka samu na farko a Nijar, a daidai lokacin da aka rufe iyakokin ƙasar ga matafiya. A Abuja aka ce ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa, waɗanda aikinsu ba na dole ba ne, su yi aiki daga gida. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, a watan Afrilu aka kulle Kano. An killace Yamai, aka sa dokar hana fitar dare, gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na wata biyu. Ku kuwa na bakin iyaka, ciwo biyu ya haɗu muku, tunda Najeriya ta riga ta rufe iyakokinta ga kaya tun watan Agustan 2019. Sai a Disambar 2020 aka buɗe huɗu: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Kulle ya zo a tsakiyar rani, lokacin da abincin dabba ya yi wuya, kuma garkunan da suka yi kudu suke shirin komowa arewa kafin damina. Kasuwannin dabbobi da dama sun tsaya, mai son sayar da ɗan maraƙi ya sayi hatsi ya rasa mai saye.

A wannan shekarar wasu masana biyu na Jami'ar Chicago, Jonathan Dingel da Brent Neiman, suka lissafa cewa kashi 37 cikin 100 na ayyukan Amurka ne za a iya yi kacokan daga gida, kuma yawancinsu masu albashi mai tsoka ne. Suka nuna cewa gwargwadon talaucin ƙasa, gwargwadon ƙarancin irin waɗannan ayyuka. Ku dubi masu harkar nama, 'yan'uwanku a sana'a. A Amurka cutar ta yi ɓarna a manyan mahautu, duk da haka a ƙarshen Afrilun 2020 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin su ci gaba da aiki. A Jamus, a watan Yuni, ma'aikata fiye da 1,500 suka kamu a mahautar kamfanin Tönnies, da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani daga gabashin Turai. Landan ta 1665 ce ta dawo da sabuwar riga. Jamus ɗin dai, a Janairun 2021, ta wajabta wa kamfanoni su ba ma'aikaci damar aiki daga gida matuƙar babu wani dalili mai ƙarfi da zai hana.

Me za mu ɗauka daga wannan duka? Amsarmu ga tambayar ita ce e, ya kamata a bari, kuma dalilin ya wuce jin daɗin ma'aikacin ofis. Duk akawun da ya zauna gida, kujera ɗaya ce ta ragu a mota, numfashi ɗaya ya ragu a layi, kuma wanda fita ta zame masa dole, irin malamin asibiti da direba da mai awo, shi ya fi cin moriyar wannan sarari. Ubangidan da ya tilasta wa mutum zuwa ofis don aikin da waya za ta iya yi, don kawai ya gan shi zaune, ya sayi haɗari da ran wani. Amma izinin kaɗai ba ya isa. In aka bar na sama su ɓuya, aka sallami na ƙasa hannu rabbana, ko aka tura su cikin cunkoso ba sabulu ba takunkumi, to adalci bai cika ba.

Yanzu kai, Alhaji, zauna ka raba aikinka kashi biyu tun kafin wata annobar ta zo. Akwai abin da waya ke ɗauka: jin farashi, ciniki, lissafin bashi, aika kuɗi, tura hoton rago ta WhatsApp kamar yadda wasu dillalai suka koma yi gab da layyar 2020. Yaron da ke riƙe maka littafi zai iya yin wannan daga ɗakinsa, in ka saya masa kati ka biya kuɗin caji, kada ka bar masa nauyin. Ka auna shi da abin da ya kammala, kuma kada ka mayar da wayarsa ƙararrawar tsakar dare don kawai yana gida. Akwai kuma abin da sai da ƙafa da hannu: kiwo, shayarwa, lodi, awo, rakiyar mota. Waɗannan ka rage yawan masu zuwa a lokaci guda, irin dabarar New York, wasu da safe wasu da yamma. Mutum biyu su kai shanu kasuwa maimakon biyar. Wanda zazzaɓi ya kama, ka ce ya kwanta, ladansa na nan. In ka yanke masa, gobe zai ɓoye ciwon ya zo, ya shafa wa sauran, har da kai da iyalinka.

Haka kuma kuna da bakin magana a gaban hukuma. Ƙungiyoyinku na makiyaya da na 'yan kasuwa su nemi a zauna da su tun ana zaman lafiya, a tsara yadda kasuwa irin ta Maigatari ta ranar Alhamis za ta ci a warwatse ba tare da an rufe ta ɗungurungum ba, da yadda garke zai wuce burtali da takardarsa ko an hana matafiya. Waɗanda suka tsara dokokin 2020 yawancinsu mutanen ofis ne, suka auna kowa da mudunsu.

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Daga Amwas zuwa yau dai ba a taɓa yin annobar ƙarshe ba, kuma Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fili na gaba.